Injin Hura Iska ko Tukunyar Oksijin: Wanne Ya Dace da Ɗakin Ƙyanƙyasar Kifi a Kaduna?

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu kiwon kifi a garin nan, daga Mando har Sabon Tasha, wai tarwada ba ruwanta da iskar cikin ruwa tunda da kanta take leƙowa sama ta shaƙa. Maganar gaskiya ce, amma rabinta. Babbar tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take ɗaukar iskar waje da ita, shi ya sa take kwana a laka ba ta mutu ba. Jaririnta ba shi da wannan gatan. Gaɓar ba ta fara aiki sai bayan sati biyu zuwa uku da ƙyanƙyasa, kuma kafin nan ƙwai da jarirai sun dogara ne kacokan ga oksijin da ya narke a ruwa. Karfasa kuwa har ta tsufa ba ta da wata hanya sai wannan. Saboda haka duk wanda ya buɗe ɗakin ƙyanƙyasa, ko yake jigilar 'ya'yan kifi, dole wata rana ya tsaya gaban mai shago yana tambayar abin da zai saya.

Kayan da ake samu iri huɗu ne: ƙaramin injin akwatin kifin ado, matsakaicin injin nan mai jikin alminiyam, babbar bulowa (injin hura iska mai fanka), sai tukunyar oksijin da regiletarta, wato na'urar da take daidaita fitar iskar. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, mafi yawan masu ƙyanƙyasa a gida na biyun ne ya dace da su, tare da tanadin batir. Tukunya tana da ranarta, amma ba ita ce farkon saye ba.

Kafin a shiga kayan, ya kamata a san iyakar abin da ruwa zai iya ɗauka. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Idan aka hura ta cikin ruwa har ya ƙoshi, a bakin teku ruwa mai ɗumin digiri 25 yana riƙe wajen miligiram 8.3 a kowace lita, mai digiri 30 kuma wajen 7.6. Kaduna tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku, don haka lissafin yana raguwa zuwa wajen 7.7 da 7. Ko da injin zai kai girman mota, iskar waje ba za ta wuce wannan gejin ba. Abin da ƙwai da jarirai suke so kuwa shi ne kada ya sauka ƙasa da 5, in son samu ne ya tsaya a 6. To ka ga tazarar ba ta da yawa, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da ruwan tanki yake yini a rana. Kuma a daidai wannan zafin ne kifi ya fi cin oksijin.

Sai matsalar ruwan burtsatse, wanda da shi yawancinmu muke aiki. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa garau yake a ido, amma sau da yawa oksijin ɗinsa kaɗan ne, ga iskar kabon da ta taru a cikinsa, wani wurin kuma ga sinadarin ƙarfe. Wanda ya zuƙo shi ya zuba kai tsaye a kan ƙwai ya yi wa kansa. Dutsen kumfa (dutse mai ƙananan ramuka da ake sa wa bakin tiyon iska a cikin ruwa) na farko da ya kamata a saka ba a bahon ƙwai ba ne, a tankin ajiya ne, a bar shi yana aiki kwana guda. Idan ruwan ya koma ja-ja bayan an hura shi, ƙarfen ne ya fito fili. A bar shi ya kwanta a ɗebi na sama.

Ƙaramin injin akwatin kifin ado ba sai an daɗe a kansa ba. Wat biyu zuwa biyar yake ci, yana ba da lita kaɗan a minti, baki ɗaya ko biyu. A cikinsa wata 'yar roba ce take karkarwa tana tura iska, kuma ita ce take tsagewa bayan wasu watanni na aiki dare da rana. Za ka ji yana ƙugi yadda ya saba amma kumfa ta ɗauke. Ya isa baho ɗaya ko bokitin ƙyanƙyashe atimiya, 'yan mitsi-mitsin halittun da ake ciyar da jariran kifi da su. Wanda ya jera guda takwas a soket ɗaya don gudun sayen babba, ya tara wayoyi kusa da ruwa ne kawai. Iri ɗaya ne a cikinsu ya cancanci kuɗinsa: mai batir a ciki, wanda yake juyawa da kansa idan an ɗauke wuta. Wannan a ajiye biyu ko uku, ko da akwai babban inji.

Matsakaicin injin shi ne dokin aiki. Irin su Hailea da Resun ne, masu lamba da ta fara da ACO, jikinsu alminiyam mai zara-zaran haƙarƙari don fitar da zafi. Maganaɗisu ne yake tura fistin gaba da baya, babu mai a ciki, kuma ba a sa masa. Na tsakiya a cikinsu yana cin wat 30 zuwa 45, a kwali an rubuta lita 60 zuwa 70 a minti. A nan ne ake yaudarar kai. Waccan lambar ta iskar da yake fitarwa ce baki buɗe, babu tiyo babu ruwa. Da an jona masa dutse aka nutsa, sai ta ragu sosai. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta ƙarfin turi, wadda ake rubutawa da MPa. Lissafinta mai sauƙi ne: kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana cin kusan 0.01. Injin da aka rubuta masa 0.025 zai daina fitar da komai a wajen mita biyu da rabi, kuma tun kafin nan kumfarsa ta zama ta jeka-na-yi-ka. A bahon ƙyanƙyasa mai zurfin santimita 30 ko 40 wannan ba damuwa ba ce, inji ɗaya zai riƙe ƙananan duwatsu goma zuwa goma sha biyar. A tankin ajiya mai tsayi kuwa, kada a jefa dutsen har ƙasa. A rataye shi a zurfin mita ɗaya.

Akwai wani abu da yake rikita sababbi. An jona baho mai ruwa kaɗan da tanki mai zurfi a inji ɗaya, sai baho ya riƙa tafasa, tanki kuma shiru. Inji lafiyarsa ƙalau. Iska ce take bin hanya mafi sauƙi. Maganinsa kowane reshe ya samu ɗan bawul nasa, a matse na marar zurfi har sai mai zurfin ya taso. Haka kuma siririn tiyon nan na milimita 4 ba a jansa nesa. Idan ɗakin yana da tsayi, a kewaya saman bango da bututun PVC na inci uku bisa huɗu ko inci ɗaya, a haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, sannan a huda a sauko da gajerun tiyo zuwa kowane baho. Zoben yana sa na ƙarshe ya samu daidai da na farko.

Aibin matsakaicin injin uku ne, kuma gara a sani tun kafin a biya. Yana da ƙara, ƙarar da in ɗakin yana jikin ɗakin kwana uwargida za ta yi magana. A ɗora shi kan soso mai kauri ko a rataye shi da robar tayar babur. Yana zafi har ba ya taɓuwa, kuma haka aka yi shi, sai dai wanda ya kulle shi cikin akwati don rage ƙara zai ƙone shi. Na uku, yana bin ƙarfin wuta. Ranar da Kaduna Electric suka kawo ta ja-ja, kumfa ma za ta zo ja-ja. A duba jikinsa a ga 220 zuwa 240 da 50Hz. Na gwanjo da aka yi don Amurka 110 ne da 60Hz, ba namu ba ne. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana sa shi ƙugi da ƙarin zafi.

Maganar wuta ita ce ta sa muka ce tare da batir. Jarirai masu yawa a baho ba sa jiran a je neman fetur da ƙarfe biyun dare. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma irin na dalma ba a cin fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Saura 600. A cire abin da inbata take ci, injin wat 35 zai yi wajen awa 14. Ya isa kwana. Akwai kuma masu aiki da bolt 12 kai tsaye, waɗanda suka fi dacewa da mai sola. Duk wanda kuɗinsa bai kai ya sayi babban inji da batir a tare ba, ya rage girman injin ya haɗa da batir.

Wurin ajiye injin ma aiki ne. Ya kasance sama da fuskar ruwa, ko kuma kowane tiyo ya samu bawul mai hana komowa. In ba haka ba, da wuta ta ɗauke ruwa zai biyo tiyo ya sauko cikin inji, da ta dawo kuma sai hayaƙi. Sannan a tuna duk abin da inji ya shaƙa, cikin ruwa yake kai shi. Hayaƙin janareta, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, uwa uba fiya-fiya: feshi ɗaya a ɗakin da inji yake aiki ya isa ya kwantar da baho guda kafin asuba, mai shi ya wayi gari yana zargin abinci ko hannun maƙwabci. A lokacin hunturu ɗan soson da yake bakin shaƙar iska yana toshewa da ƙura cikin 'yan kwanaki, a riƙa cire shi ana wankewa duk mako. Kuma a watan Disamba da Janairu a shigo da injin cikin ɗaki, domin idan yana zuƙo sanyin waje yana hura wa ruwa, ɗumin da ake ta fama a riƙe zai gudu. Ƙwan tarwada da yake fashewa cikin kusan kwana guda a digiri 28 zuwa 30, a ruwan sanyi jinkiri yake yi, da yawansa kuma ya ruɓe.

Bulowa ta masu gona ce. Tana cin wuta sosai, tana ba da iska mai ɗimbin yawa amma turinta bai kai yadda girmanta yake nunawa ba. Mai tamfol goma na karfasa zai ga amfaninta. Mai baho shida zai ƙare da sakin rabin iskar a banza, don ba a toshe mata baki, zafi take yi ta ƙone. Bakinta yana da zafin da zai lanƙwasa PVC, sai an fara da bututun ƙarfe na kamar mita ɗaya, wanda kowane mai walda a Panteka zai haɗa. Batir kuwa ba ya riƙe ta, sai janareta.

Duwatsun kumfa su ne ake rainawa, alhali su ne suke haɗa iska da ruwa. Ƙananan kumfa sun fi manya, domin sun fi yawan jiki da suke gogar ruwa kuma sun fi jinkirin tasowa. Duk da haka, a ruwa marar zurfi kaso kaɗan ne na oksijin yake narkewa daga kumfar; babban aikin shi ne juya ruwan ƙasa ya hau sama. Shuɗin dutsen nan na yashi araha gare shi, yana toshewa, yana kuma marmashewa. A saye shi da yawa, a riƙa canzawa, waɗanda aka cire a jiƙa su a ruwan Jik da aka tsinka, a ɗauraye sosai, a shanya kwana biyu a rana kafin su koma. Akwai kuma na farin ƙarfe masu ramuka maikuron 2 ko 0.5, waɗanda asalinsu masu haɗa abin sha ne suke narka iska da su. Kumfarsu kamar hayaƙi take, abin sha'awa. Amma na 0.5 injin hura iska ba ya iya tura shi yadda ya kamata, na tukunya ne. Ba a riƙe su da hannu tsirara, maiƙon yatsa yana like ramukan. Idan sun toshe a tafasa su. A bahon ƙwai kada a sa dutse ƙarƙashin ragar da aka baza ƙwai a kai, yana kakkaɓe ƙwai. A kai shi kusurwa, a rage shi ya zama motsi kawai. Jarirai a kwana ukun farko, kafin su shanye gwaiduwar cikinsu, ba su da ƙarfin yaƙi da igiyar ruwa.

Wani abin da inji ba ya yi: ba ya kwashe ƙazanta. Fararen ƙwai da suka mutu suna ruɓewa su cinye oksijin, su bar amoniya. Sai an zuƙe su da tiyo, ruwa kuma ya ci gaba da shiga yana fita. Ruwan da yake wari, ƙara masa kumfa kwalliya ce a kan dauɗa.

To, tukunyar oksijin. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi biyu ne: ba ruwanta da wuta, kuma tana iya kai ruwa sama da waccan iyaka ta 7. Babbar tukunya mai cin lita 40 da aka cika har matsinta ya kai 150 a ma'aunin bar tana ɗauke da kusan lita 6,000 na iska. A sake ta lita ɗaya a minti, awa 100 ke nan, kwana huɗu da 'yan awanni. Wanda ya ce da ita zai raini jarirai na wata guda, ya lissafa sau nawa zai ɗauki Keke zuwa wurin cikawa. Ga shi kuma oksijin zalla ba ya korar iskar kabon daga ruwa yadda kumfa mai yawa take yi, kuma in ya yi yawa shi ma yana cutar da jarirai. Ba tare da na'urar aunawa ba, ko aƙalla ruwan gwajin nan na ɗigawa irin na Sera ko Tetra, aiki da shi a baho lalube ne cikin duhu.

Inda ba ta da na biyu shi ne jigila. 'Ya'yan tarwada da suka tasa, zuwa Zariya ko Kafanchan, jarkar da aka yanke wa baki ta wadatar, kuma ta fi leda domin ƙayarsu tana hudawa. Amma karfasa, da ƙananan jarirai, da duk tafiyar da za ta cinye yini kamar ta Ibadan, sai leda da oksijin. A hana su abinci awa 24 kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan da kashi. Leda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ruwa kashi ɗaya cikin uku, a zuba kifi, a matse ledar iskar ciki ta fita duka, a zura tiyo cikin ruwan, a cika sauran kashi biyun da oksijin, a murɗe baki a naɗe a ɗaure da roba. Kada a cika ta tam kamar ganga, rana za ta ƙara kumbura ta. A kwantar da ita a kwance, a inuwa, a tashi da asuba. Yawan kifin da leda za ta ɗauka ya danganta da girmansu da tsawon tafiya, kuma hanya mafi aminci ita ce a ɗaure leda guda ta gwaji a ajiye a gida na adadin awannin tafiyar da ƙarin rabi. Idan an isa, a ɗora ledar a kan ruwan da za su shiga na minti 20 zuwa 30 ba tare da an kwance bakinta ba. Da an kwance kuma kada a ɓata lokaci: iskar kabon da ta taru a ciki tana danne dafin amoniya, tana fita dafin yana tashi. Ledar da take cin lita 10 ta oksijin, tukunya ɗaya za ta ɗaure ɗaruruwa, a nan kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Regileta iri biyu ce a kasuwa. Ta masu walda tana da agogo biyu, ɗaya na abin da ya rage a tukunya, ɗaya na ƙarfin fita. Tana da ƙwari kuma ta isa cika leda. Ta asibiti tana da gilashi mai 'yar ƙwallo da take nuna lita nawa a minti, ita ce ta dace da dutse a baho ranar gaggawa. A tabbatar zarenta ya dace da kan tukunyar kafin a bar shago, don ba duka suke shiga juna ba. Ta asitilin, ɗaya iskar da masu walda suke ƙonawa, zarenta hagu yake ɗaurewa, da gangan aka yi haka, kada a bari wani ya yi mata dabara. Oksijin na walda yana yi wa kifi aiki muddin tukunyar ta oksijin ce tun asali. A karanta abin da aka buga a wuyanta, kada a dogara da fenti.

Nan ba wurin wasa ba ne. Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma yana sa duk abin da ya kama ya ci kamar an zuba fetur. Baƙin mai, giris, basilin, ko hannun da ya gama gyaran janareta, kada ɗaya ya kusanci bawul ko regileta. Maiƙo da oksijin mai matsi suna iya tashi ba ashana. A buɗe bawul a hankali, mutum yana gefe ba gaban agogo ba. A ɗaure tukunya a tsaye da sarƙa a jikin bango, nesa da risho da jarkar fetur, nesa da yara. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa.

Wasu sun fara sayen injin tace oksijin na marasa lafiya don gudun zaryar cika tukunya. Yana ba da lita biyar a minti, oksijin sama da kashi 90, amma yana cin wat 300 zuwa 400, turinsa kaɗan ne, kuma danshin ɗakin kifi yana kashe sinadarin da yake tacewa da shi. Wutar da ta ɗauke wa injin hura iska shi ma ta ɗauke masa. Ba mu ga dalilinsa ba.

Farashi ba za mu kama ba, dala ce take juya shi. Abin da za a yi a shago dai, ko a Kasuwar Sheikh Gumi ne ko wajen masu abincin kifi: a ce, Alhaji, a jona mini shi in gani. A toshe bakin fitar da babban yatsa, in yana da lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. A bar shi ya yi minti goma a saurari ko ƙararsa tana canzawa. A duba ko akwai kan raba iska a kwalin, na ƙarfe ya fi na roba don na roba yana tsagewa da zafi. Sannan a tambayi fistin da robobin canji, a saya a haɗa tun a ranar, domin samfurin da ya cika kanta bana ba lalle a same shi baɗi ba.